Ranar da Aka Yanke Accar Yaya Delu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ke fitar da ɗanyen tsiro daga busasshiyar ƙwaya.

Duk wanda ya ɗan zauna a layinmu na Hayin Banki ya san Yaya Delu mai acca. Gajeriya ce, hannayenta kullum a jiƙe, kuma in tana tafiya takan ɗan sunkuya gaba kamar mai hawan tudu, ko da hanyar a miƙe take. Na daɗe ina ganin wannan tafiyar tata kafin in san dalili. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, amma ban san ta sosai ba sai da maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Ina cikin takaba, abinci ba ya shiga, sai ga ta da kwanon sha a rufe da faifai.

"Sha, Rahmatu. Kunun acca ne, ba ya nauyi a ciki."

Na sha. Washegari ta dawo da wani. Har na fita takaba kwanon nan bai daina zuwa ba, kuma tun daga nan ta zama yayata.

Sana'arta ita ce ta sayo acca a Babbar Kasuwa, ta wanke, ta rege, ta shanya, ta sayar wa matan ma'aikata da masu ciwon suga. Wanda bai ga regewar acca ba bai san haƙuri ba. Ƙwayar ba ta fi ƙwayar yashi girma ba, ga shi kuma da yashin ake surfa ta. Sai ta zauna da ƙorai biyu da ruwa, tana karkata wannan cikin waccan a hankali, accar na gangarawa, yashin na kwanciya a gindi. Nakan ɗauki carbina in zauna kusa da ita. A nan, tana juya ƙwarya, na ji tarihin garinsu guntu-guntu.

Sunan garin Tsaunin Marke, can wajen duwatsun da ke gabas da mu, inda sanyi ke sa mutum ya nemi bargo ko a bazara. Ta ce kakanninsu gudun mahara ne ya hau da su kan tsaunin. Da suka isa, ba ƙasar noma sai 'yar wadda ta maƙale tsakanin duwatsu. Sai suka riƙa jera duwatsu suna tare ƙasar kada ruwa ya tafi da ita, gona bisa gona kamar matakala, har yau wai jerin yana nan. Dawa ta ƙi wurin, gero ya ƙi. Acca ce ta yarda da su. Kuma cikin accar akwai wadda suke kira 'yar sauri, wadda ke nuna tun cikin marka, lokacin da ruwa ke zuba ba ƙaƙƙautawa, rumbu ya yi fayau, sauran amfanin gona duk yana kore. Ita ke raba gari da yunwa kafin kaka ta zo.

Da zaman lafiya ya samu suka sauko gindin dutsen. Aka shiga zamanin haƙar kuza, maza suka watse zuwa ramuka, mata suka riƙe acca. Sai dankalin Turawa ya zo, sanyin garin ya karɓe shi. Manyan motoci suka fara hawowa, rufin ciyawa ya koma kwano, samari suka sayi babura. Wa zai tsaya wahalar acca, yanka da lauje, tattaka, surfe, regewa? Gona bayan gona aka juya ta dankali da masara. Ita kanta Yaya Delu direban motar dankali ta aura, shi ya kawo ta Kaduna tana da ƙuruciyarta, a nan ya rasu ya bar ta.

Amma ta zo da abu ɗaya. A garinsu, in za a kai amarya, uwarta takan ba ta ɗan gora cike da irin 'yar sauri, an gauraya da toka, an toshe bakin da tsumma. Sharaɗi biyu ne a kansa. Na farko, kowace damina sai an shuka an sabunta, don iri in ya daɗe a gora mutuwa yake. Na biyu, ba a kifar da gora. Komai yawan gonar, sai an bar cikin tafin hannu a gindinsa, saboda Allah kaɗai Ya san abin da damina za ta zo da shi. Akwai kuma wata al'adar, ba a yi wa shuka shela. Ka yafa irinka da sassafe ka yi shiru, in ya nuna kowa ya gani.

Shekara da shekaru Yaya Delu na yafa irin nan a wani ɗan fili bayan ɗakinta, wanda bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Wanda bai sani ba zai rantse harƙiya ce, ciyawar nan da ake yanko wa dabbobi, don kamarsu ɗaya. Bara'atu, matar Malam Tukur da ke gidan kallonmu, ba ta wucewa sai ta tsokane ta.

"Yaya, yaya gonar? Bana tirela nawa za mu kira?"

"Ki kira ɗaya, ta kwashe ki da surutunki."

Abin da take samu bai wuce ta cika goranta ta dama kunu sau ɗaya ba. Ni ma, gaskiya, na ɗauka kewar gida ce kawai.

Sai bazarar bara wani magidanci ya yi sallama, dogo, da jar ƙasa a takalmansa. Sharhabil ne, ɗan ƙaninta, daga Tsaunin Marke. Ina wurin ya durƙusa ya gaishe ta, ya sha ruwa, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Dankali ya juya musu baya. Taki ya fi ƙarfin talaka, ga wata cuta da ke ƙona ganyen in ruwa ya yi yawa, a tona a tarar ya ruɓe a ƙasa. Damina biyu a jere marka ta same su ba abin da za a ɗora a wuta. Dattawa suka ce a koma wa 'yar sauri, ita ba ta neman taki, kan dutse ma fitowa take. Aka shiga gida-gida ana neman iri. Gorunan suna nan rataye a ɗakunan tsofaffi, amma an daɗe ba a sabunta ba, aka shuka ko ɗaya bai fito ba. Accar kasuwa kuwa mai jinkiri ce, sai kaka take nuna. Wata tsohuwa ce ta tuna cewa Delu ta tafi Kaduna da goranta.

"Gwaggo, ko Allah Ya sa kin riƙe?"

Ta shiga ɗaki ta fito da goran, ya yi baƙi yana sheƙi saboda shafar hannu. Ta zare tsumman ta zuba kaɗan a tafinsa. Ya kai shi kusa da idonsa yana hamdala.

Ya so ya tafi da shi a ranar. Ta ce wannan ɗan abin ko gona ɗaya ba zai rufe ba, ya bari ta ninka shi tukuna, ya dawo bayan kaka. A ƙarshen layinmu akwai wani kango mai katanga da ƙofar kwano, mai shi yana Abuja. Ta sa aka roƙe shi ta waya ya ba ta aron filin ciki. Ruwan shuka na sauka, muka idar da sallar asuba, ta leƙo ta katanga ta ce in zo in riƙe mata ƙwarya. Ta kafce ƙasar, ta yafa, ta yafa, filin ya ƙi rufuwa. Saura wata kusurwa. Ta dubi kusurwar, ta dubi goran, sai na ga ta kife shi tana bubbuga gindinsa.

"Yaya, ba kin ce ba a kifarwa ba?"

"Gari guda ke jira, Rahmatu. Allah na nan."

Ba wanda ya sani sai ni da ita. Accar ta fito lub, ta yi kore shar, ta kai gwiwa, ta fitar da kai siriri. Da marka ta kankama ta fara ja-ja. Yaya Delu ta wasa laujenta, ta ce saura kaɗan.

Ranar wata Asabar muka tafi Islamiyyar matan aure da safe. Ashe ranar ce aka sa ta tsaftar layi. Malam Tukur, ma'aikaci ne a sakatariya kuma shi ke shugabantar kwamitin layinmu, mutumin kirki mai son tsari. An ce an ga maciji kusa da kangon. Ya tura ƙofar kwanon ya ga ciyawa har gwiwa, ransa ya ɓaci. Ya tare wani mai yankan ciyawar dabbobi da ke wucewa, ya ce ya share wurin tas ya kwashe, kyauta.

Da muka dawo wajen hantsi, Yaya Delu ta ce bari ta leƙa gonarta. Na tsaya a bakin ƙofa. Shirun da na ji ya yi yawa, na bi ta. Fili fes, sai guntayen tushiya. Tana tsaye a tsakiya, jakar littattafanta a ƙasa, bakinta na motsi da Inna lillahi.

Malam Tukur ya iso da fara'arsa, da tsintsiyar kwakwa a hannu. "Yaya, kin ga aiki ko? Yanzu ko yaro ya shigo ba fargaba."

Ni ce na yi magana, ni da ban cika ɗaga murya gaban maza ba. Na faɗa masa abin da aka yanke da kuma masu jiransa. Tsintsiyar ta faɗi daga hannunsa. Bai san sunan mai ciyawar ba, bai san inda yake ba, ya dai ga ya tura kura ya fita.

Na sunkuyar da kai don kada in ga fuskar Yaya Delu, sai idona ya sauka kan kajin layinmu. Kaji dai a warwatse suke kiwo, kowace da inda ta nufa. Amma ga su sun jeru a layi ɗaya tun daga ƙofar kangon har kwanar masallaci, kai a ƙasa, suna ta tsattsaga kamar an ja musu zare. Na durƙusa na dangwali ƙasar da yatsa. Ƙwayoyi ne ƙanana.

"Yaya, dubi kajin nan. Kurar na tafiya tana zubarwa."

Ta duba yatsana. Fuskarta ta canza nan take. "In tana zuba, ta nuna ke nan. Rahmatu, ɗaga ƙafa."

Ni da tun rasuwar maigidana ba wanda ya taɓa ganin na yi sauri a titi, sai ga ni na tattare hijabi ina bin kaji. Malam Tukur na biye da mu da silifas, Bara'atu ta fito da ludayi a hannu tana tambayar wa ya mutu, ta ji, ta ajiye ludayin kan dakali ta bi mu. Muka wuce masallaci, muka wuce mai markaɗe. Inda kajin wani layi suka ƙare, na wani layin sun karɓa. A wata kwana tattabaru ne suka nuna mana hanya. Yaya Delu na gaba, da tafiyar nan tata ta hawan dutse, ba mai iya cim mata.

A bakin babban titi kwalta ta katse mana sawu. Ba kaza, ba ƙwaya. Muka tsaya muna haki. Ga hadari ya fara haɗowa ta gabas, baƙi ƙirin. Wani mai faci da ke zaune ƙarƙashin bishiya ya ce, "Hajiyoyi lafiya? Ɓarawo kuke bi?"

"Ciyawa muke bi," in ji Bara'atu.

Ya yi dariya har da buga cinya, amma ya san mutumin. Audi mai raguna ne, yana kiwo a wani fili ta hanyar Mando, bayan masu sayar da katako. Malam Tukur ya tare Keke, muka dunƙule mu uku a baya, shi ya maƙale kusa da direba. Duk ramin da muka faɗa sai Yaya Delu ta ce, "Ɗan nan, taka mana, raguna ba sa jira."

Tun daga nesa muka hango su. Raguna manya, farare, an ɗaure a turaku, kowanne da tulin ciyawa a gabansa yana tauna hankali kwance. Keken bai gama tsayawa ba ta dira. Ta nufi wani mai ƙaho murɗaɗɗe ta kama damin da ke bakinsa. Ya ja, ta ja. Ya noƙe kai zai tunkuye ta, ta daka masa tsawa irin ta matan dutse, ya saki.

Audi ya fito daga rumfa da gudu, wani kakkaura mai hula a ƙeya. "Iya, lafiya? Me ragon ya yi miki?"

"Abincin garinmu yake ci."

"Wane gari? Harƙiya ce fa. Wancan Malamin ne ya ba ni, ga shi nan."

"Ni ne," in ji Malam Tukur, "kuma kuskure na yi. Don Allah a janye dabbobin."

Yaya Delu ta tsinko kai ɗaya ta murza a tafinta, ta hure, ta miƙa wa Audi ƙarƙashin hanci. Ya leƙa, ya ɗanɗana da harshe.

"Ikon Allah. Shi ya sa suke ci kamar an biya su. Tun safe ko kuka ba su yi ba."

"Ina sauran?"

Ya nuna kurar. Alhamdu lillahi, abin da ya zuba wa ragunan bai kai rabi ba, sauran na nan a danne da igiya. Sai ya fara ƙunƙuni, shi ya sha rana ya yanka, yanzu me dabbobinsa za su ci. Ta ce in ta tattake ta cire ƙwayar, karan duka nasa ne, kuma ragon da ya ci karan acca ba ya komawa harƙiya da daɗin rai. Bara'atu ta ce a ƙara masa da kofin kunu, ko ya san abin da ragunansa suka riga shi sani. Ya yi dariya ya ce ya yarda.

Muka bi gaban kowane rago muna tsince abin da ya rage. Yaya Delu ta hana a ɗora haka nan, ta sa aka sauke na cikin kurar ma. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa a cikin kurar, Bara'atu ta ba da ɗankwalin da ke kafaɗarta, Malam Tukur ya tuɓe babbar rigarsa ya rufa a sama, don kada ƙwaya ɗaya ta sake faɗuwa. Iska ta taso. Audi ya kama kurar ya ce a ba shi hanya. Haka muka ratso titi, shi yana turawa da gudu, ma'aikacin gwamnati da singileti yana tare masa motoci, mu mata uku muna riƙe da gefen riga kada iska ta ɗauke. Mutane suka fito bakin shaguna suna kallo. Mai facin nan ya miƙe tsaye yana tafa mana. Ɗigon farko ya same mu a kwanar masallaci. Muna tura kurar cikin zaurena, ruwa ya ɓalle kamar da bakin ƙwarya.

Muka zube a ƙasa muna dariya, har da Yaya Delu, tana dariya tana share ido da gefen zani.

Aka tara dammunan accar a zauren suka ɗan kwana, yadda ake yi a garinsu. Ranar tattaka, matan layi suka cika gidana, don labari ya riga ya zaga. Aka shimfiɗa tabarmi, aka wanke ƙafafu, Yaya Delu ta nuna mana yadda ake murza damin da tafin ƙafa ana dafe da bango. Bara'atu ta zame ta faɗi zaune, aka yi ta mata tsiya. Aka sheƙe, aka shanya a baranda duk lokacin da rana ta leƙo. Audi ya zo ya kwashi karansa ya sha kununsa, na accar kasuwa, don ta gida ko ƙwaya ba a taɓa ba.

Sai dai hankalin Yaya Delu bai kwanta ba. An yanke kafin ranar da ta so, kuma cikin ƙwayar akwai masu ɗan kore. Zuba a hanya alama ce, amma ba tabbas ba. In Sharhabil ya kai gari aka yafa bai fito ba, an ƙone damina guda ke nan a kan maganarta, kuma babu sauran iri a ko'ina. Ta bar shi ya bushe ya huta har bayan kaka. Sannan ta samo tsohon kasko ta cika da ƙasa, ta yafa ɗan tsunkule, ta yayyafa ruwa, ta ajiye a kan katangar da ke tsakaninmu. Kowace safiya ni ta nan, ita ta can, mu leƙa. Ƙasa dai. Ta daina zancen, ni ma na daina, sai addu'a.

Wata safiya ina shara na ji muryarta ƙasa-ƙasa. "Rahmatu. Zo ki gani da idonki, nawa sun tsufa."

Na leƙa. Kaskon ya yi kore, tsiro siriri a tsaitsaye kamar gashin jariri, ba wurin sa yatsa. Na ce mata ya fito, duka ya fito. Ta dafa katangar ta yi hamdala, sannan ta ɗaga murya yadda ban taɓa ji ba, ta ƙwala wa Bara'atu kira ta ce ta zo ta kira tirelar.

Sharhabil ya zo da ƙaramin buhu. Ta auna masa tana yi masa faɗa, a gauraya da toka, a raba wa gidajen da ke da tsofaffin mata don su suka san hannunsa, a fara da gonakin kan dutse. Ya ga ta ware wani kaso gefe.

"Gwaggo, wancan fa? A haɗa mana, ko'ina buƙata ake."

"Wannan na gindin gora ne. Sau ɗaya na kife shi, raguna suka koya mini karatu."

Ta cika goranta ta toshe. Sannan ta ɗauko wata kwalba ta zuba cikin tafin hannu guda da toka, ta miƙo mini ta kan katanga, ta ce in ajiye a ɗakina, in kuma nemi inda zan yafa in ruwa ya sauka.

Bana cikin marka Sharhabil ya kira ta a waya. Ana ruwa a can, muna jin sa a wayar, da hayaniyar mata a bayansa. Ya ce gidaje da dama sun ɗora tukunya da 'yar sauri, kuma amaren bana biyu an kai su da gora. Ta sa ya maimaita maganar goran.

A layinmu kuma, ƙwayoyin da kaji suka rage a gefen kwata sun fito da kansu, siririn layi tun daga kangon har kwanar masallaci. Malam Tukur ya kafa 'yan sanduna ya zagaye su da igiya. Ranar tsafta, shi da kansa yake tsayawa a wurin yana faɗa wa masu fartanya su bi ta wancan gefen.